Wurin da Ɓarawon Ruwa Bai Share Ba

Tahani ba ta kai ga ɗaki ba ta tsaya. Gidan mahaifinta ya daɗe a kulle, tun rasuwarsa. Ita da kanta ta sa kamfanin ruwa suka rufe mita, suka ɗaure ta da waya da hatimin darma, kafin ta tafi aiki birnin Akaba. Yanzu wayar a tsinke take, hatimin yana lilo, ƙarƙashin famfon kuma a jiƙe.

Kafin la'asar duk ƙauyen Ummu Sidra ya ji. Kafin magariba an gama shari'ar a bakin shago: makiyayin nan ne ɗan Siriya da ya kafa tanti a bayan kwari. Wa ke da bakuna ɗari masu jin ƙishirwa in ba shi ba? Samari suka fara maganar zuwa su tuge masa turaku.

Tahani ba ta je bakin shago ba. Gidan Sayil ta nufa.

Sayil, wanda kowa ke kira Abu Nayif, ya yi rayuwarsa yana bin sawu wa 'yan sandan sahara. Ya yi ritaya, amma har yau in raƙumi ya ɓata ko an fasa rumbu, shi ake nema, kuma alƙalin birnin Ma'an yana karɓar maganarsa. Ta same shi a ƙofar gida yana gyaran carbi.

"Baffa Abu Nayif, an ɓata mini suna."

Ya ɗago da sauri. "Wa? Da wace magana?"

"Ba irin wannan ba. A banki."

Ta zauna ta yi masa bayani. Ta karanta haɗa magunguna, ta yi wa wasu aiki ta gaji, yanzu tana son buɗe kantin magani a nan, don mutane su daina hawa mota zuwa Ma'an saboda maganin ciwon kai. Ta sami shago kusa da makaranta. Ta je neman rance, sai ma'aikacin bankin ya juyo mata da kwamfuta ya ce makinta ya faɗi ƙasa warwas.

"Wane maki kuma? Ba kin gama makaranta ba?"

"Kowa yana da maki a Amman, babban birni, Baffa. Akwai ofishin da ke tara labarin wanda ya ci bashi ya biya da wanda ya ƙi. Banki ba ya kallon fuskarka, makin yake kallo."

Bara ashe kamfanin ruwa sun tarar da hatimin a tsinke. Suka lissafa ruwan da aka sha, suka ɗora tara, suka sake ɗaurewa. Takardunsu suka yi ta zuwa gidan da babu kowa. Daga nan sai kotu, daga kotu sai Amman. Dinari dubu da 'yan kai, da sunanta.

Sayil ya ajiye carbin. Abin ya ba shi sha'awa fiye da yadda ya kamata.

"Ni ma ina da shi, makin?"

"Ka taɓa cin bashin banki?"

"Allah ya kiyaye."

"To kai ba su san ka ba."

"Wato su ma masu bin sawu ne," in ji shi. "Sun ga sawu a ƙofar gidanki sun ce ƙafarki ce. To ki biya mana, ki huta."

"Ko na biya, tabon yana nan shekaru. Za a rubuta ta ƙi biya sai da aka kai ta kotu. Ba ya gogewa sai an tabbatar ba ni ba ce, wanda ya tsinke hatimin ya je ya faɗa da bakinsa. Mai shagon kuma ya ce in wata ya ƙare ban kawo kuɗi ba, wani mai sayar da waya yana jira."

Sayil ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Wadha ta miƙo masa sandarsa.

*

Da safe suka shiga gidan. Ya sa ta tsaya a soro.

"Wa ke da makulli?"

"Yana ƙarƙashin dutsen bakin ƙofa."

"Inda kowane gida a garin nan yake ɓoye nasa. Madalla."

Ya durƙusa ya kalli tsakar gidan ta gefen da rana ke fitowa. An share ta. Ba da tsintsiya ba, da reshe, kuma mai sharar da baya da baya ya yi ta tafiya har ya kai katangar baya. A saman katangar farar ƙasa ta goge a wuri guda, faɗin tiyo. Bayan katangar fa ne, dutse shimfiɗe har kwari, ko giwa ce ta bi ba za ta bar komai ba.

Wannan ya gaya masa abu ɗaya: ɓarawon ya san akwai mai bin sawu a garin.

Ya zagaya a hankali, yana bin gindin katanga. A kusurwar kudu, inda inuwa ke faɗuwa da azahar, iska ta tara yashi mai laushi. Nan ya tsaya ya daɗe.

Gwiwoyi biyu. Tafin hannu biyu, na namiji. Goshi da kan hanci. Yatsun ƙafa sun dusashe, da safa aka yi. Ruwan garin ranar Talata kawai ake sakowa, kuma da ƙyar yake zuba; mutumin ya daɗe yana jira har lokacin salla ya riske shi, ya yi alwala da ruwan da yake sata, ya fuskanci alƙibla. Ya share ko'ina, amma bai share nan ba. Mutum yana share wurin da ya yi laifi, ba ya tuna wurin da ya yi salla.

Sai dai akwai abin da Sayil bai gane ba. Kusa da shaidar tafin hannun akwai ƙananan ramuka, huɗu a dama, huɗu a hagu, a jere kamar an danna ƙwayayen zaitun. Na ƙarshe a hannun dama ya fi sauran faɗi. Ba bushiya ba ce, ba ɗan akuya ba. Ya auna su da kan sandarsa. Ya shekara arba'in yana kallon ƙasa bai taɓa ganin irinsu ba, kuma ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba.

Ya ɗauko tsohon daron wanki ya kife a kai, ya ɗora dutse.

Yana miƙewa sai ga Irshaid, ƙanin mahaifin Tahani, ya shigo da hayaniya. Abu Talal ake ce masa. Ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Tabuk, can ƙetaren iyaka, kafin ya dawo ya dasa zaitun a kwari. Shi da Sayil tare suka yi kiwo suna yara, kuma kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a sahun farko.

"Abu Nayif! Yarinya ta taso ka da sassafe kan abin da makaho ma ya gani? Ke kuma, kina da baffa a raye, kika tsallake shi?"

"Na je gidanka jiya, Baffa, aka ce kana gona."

"Nawa ne kuɗin? Mu haɗa mu biya, a kori ɗan Siriyan nan, a rufe magana. Mene ne wannan ka kife?"

"Maciji," in ji Sayil. "Mai ƙaho. Sai na samo mai kama shi."

Irshaid ya yi tsalle baya har rawaninsa ya karkace. Tun suna yara Sayil ya san babu abin da yake tsoro kamar maciji. Kafin azahar garin ya ji, babu kuma wanda ya ƙara kusantar daron.

*

Abu Kasim, makiyayin, ya ga Sayil daga nesa ya aza shayi. Ya riga ya kwance gefe ɗaya na tantin.

"Tafiya za ka yi?"

"An ce in tafi kafin a tafi da ni, Hajji."

"Kai ka sha ruwan?"

"Da ni ne, da tumakina sun fi haka kyan gani. Dube su. Wajen Falah mai tankar ruwa nake saye, shi ma rabin tankin iska ce."

Sayil ya kalli hannuwansa. Manya ne, sun yi daidai da na cikin yashin, amma rabin mazan garin ma haka.

"Me kake gani ranar Talata?"

"Baƙo ba shi da ido, Hajji."

"Tumakinsa fa?"

Abu Kasim ya yi murmushi, ya juya shayin. "Su ba su da kunya. Duk Talata da rana sai su ja ni wajen fan nan na bayan gidan. Suna lasar dutse. Layi guda, daga katanga har gangare. Da safe a bushe yake."

Wato tiyon yana yoyo, kuma kwari yake sauka. A kwarin abu uku ne: inabin Ummu Ziyad, maƙwabciyar gidan, bakin hanyar da Falah ke ajiye tankarsa, sai zaitun ɗin Irshaid da tsohuwar rijiyar tara ruwan sama ta kakanninsu, wadda Irshaid ke alfahari ba ta taɓa ƙafewa ba saboda albarkar iyaye.

"Mayar da turakunka," in ji Sayil. "Wanda ya taɓa su ni ya taɓa."

*

Ummu Ziyad ba ta bari ya gama sallama ba.

"Ka tsufa ka koma bin sawun inabi, Abu Nayif? Na gan ka kana leƙa mini katanga. Da Wadha ta gan ka da ka gane kurenka."

"Ya yi kore ne, Hajiya, a shekarar da komai ya bushe."

"Ruwan wankan jikoki shida yake sha. In kana so ka ɗanɗana, akwai sabulu a 'ya'yan."

"Ranar Talata ba kya jin motsi a gidan marigayi?"

"Ranar Talata? Ina bisa rufi ina fama da tanki, injin wanki yana ihu, surukata tana ihu. Ranar Talata ko kai aka zo sacewa ba zan gani ba. Duk garin haka yake, kowa kansa a cikin tanki. Wanda ya zaɓi ranar ɗan gari ne, ba wancan bawan Allah mai tumaki ba. Je ka tambayi Falah inda yake samo ruwan da yake sayar mana da tsadar man zaitun."

Falah yana kwance ƙarƙashin tankarsa, ƙafafu a waje.

"Talata ranar hutuna ce, Baffa. Ranar da famfo ke zuba wa zai sayi ruwa? Barci nake yi."

"Ranar da ba a sayen ruwa ita ce ranar da ake cika tanki."

Falah ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Da wannan famfon? Mai zuba kamar tsoho yana fitsari? Sai in kwana uku ban cika ba. Rijiyar Abu Hilal nake zuwa, je ka tambaya."

"Ina kake sallar azahar ranar Talata?"

Falah ya tuntsire da dariya. "Matata ce ta aiko ka? Daga Juma'a sai Juma'a, Baffa, Allah ya shirye ni. Kar ka gaya wa liman."

Sayil ya yarda da shi, kuma hakan bai yi masa daɗi ba. Mutanen kwarin da zai zarga suna ƙarewa.

*

Kwana biyu ramukan nan suna damunsa. Ya zana su a ƙasa a bayan gidansa. Ya gwada da carbi, ya gwada da makulli, ya gwada da kan sanda. Ya yi sujada a yashi ya tashi, ya sake yi, har Wadha ta leƙo.

"Nafila ce ko gwiwa kake gwadawa?"

"Ki yi harkarki."

Harkarta ƙullun gurasa ce. Ya zo ya zauna kusa da ita yana kallo don ba shi da abin yi. Ta tattara ƙullun, ta dunƙule hannu biyu, ta danna da dukan nauyinta, ta ɗaga. A jikin ƙullun ramuka suka fito, huɗu a dama, huɗu a hagu.

"Tsaya!"

"Me kuma?"

"Sake."

Ta sake, tana kallonsa kamar wanda rana ta taɓa. Ya fita da sauri, ya durƙusa a yashi, ya dunƙule hannu ya dogara a kansu ya miƙe. Ga su nan. Gaɓoɓin yatsu ne. Mutumin ba da tafin hannu yake tashi daga sujada ba, da dunƙulallen hannu yake tashi, kamar mai kwaɓa ƙullu. A garin nan ba haka aka koya musu ba. Wanda ya zauna wani wuri ne ya ga ana yi, ya ɗauka. Rami mai faɗin nan kuwa zobe ne a ƙaramin yatsa.

Ya tsaya yana kallon hannunsa. Shi da ke gane sawun kunama a kan tsakuwa, bai taɓa kallon hannun wanda ke salla kusa da shi ba. A kan darduma babu abin da ke saura.

"To ka je masallaci ka leƙa mana," in ji Wadha, bayan ya gaya mata.

"Ba na farauta a ɗakin Allah."

"Ko dai ka riga ka san abin da za ka gani?"

Ya kakkaɓe yashin hannunsa. Ya san mutum ɗaya mai zoben azurfa da ya daɗe a Tabuk. Ya san wasu biyu kuma masu zobe da suka yi aiki a Kuwait. Zato ba sawu ba ne, kuma ba ya son bakinsa ya zama shi zai faɗa.

"Ƙasa za ta faɗa," in ji shi.

*

Ranar Alhamis bayan azahar ya tara su a gidan marigayin. Tahani ta yayyafa wa tsakar gidan ruwa kamar yadda ake yi in za a yi baƙi, ta jera kujeru a bakin soro. Abu Kasim ya zo ya zauna a can gefe. Falah ya zo da wankakkiyar riga. Mutanen nan biyu da suka yi Kuwait sun zo, ba su san dalili ba. Zuhair, mai karanta mita na kamfanin ruwa, ya zo daga Ma'an a matsayin shaida. Ummu Ziyad ba a gayyace ta ba, ta ɗauko kujerarta ta zauna kusa da Tahani.

Irshaid ne babba a gidan, shi ne mai masauki. Ya ɗauki butar gahawa ya zuba wa Sayil finjalin farko.

Sayil ya karɓa, ya ajiye a ƙasa gabansa bai sha ba.

Baƙo ba ya ajiye gahawa sai yana da buƙata, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce ya ba shi. Gahawar baƙo ta huce a gabanka, abin kunya ne da ake ba jikoki labari.

"Lafiya, Abu Nayif? Me kake nema a gidanmu?"

"Sai an yi la'asar."

Aka cika lokacin da gardama. Ɗaya daga 'yan Kuwait ya ce ai an san ɓarawo, ga shi can zaune. Ummu Ziyad ta ce in tumaki ne suka tsinke waya suka ja tiyo, a sayar mata da biyu. Falah ya ce a tambayi kamfanin ruwa me ya sa suka ga gida a kulle suka yi ta turo masa takarda. Zuhair ya ce shi mita yake karantawa, ba ƙofa ba. Abu Kasim yana kallon daron nan da dutse a kai.

Aka kira salla daga can ƙarshen gari.

"Mu yi a nan," in ji Sayil. "Gwiwata ba za ta kai masallaci ba."

"Babu tabarmi, Baffa," in ji Tahani. Shi ya ce kar ta kawo.

"Ƙasa mai tsarki ce. A kanta muka tashi. Abu Talal, shige gaba, kai ne mai gida, kai kuma ka zauna kusa da malamai."

Irshaid ya gyara rawani ya shige gaba. Yana son a ba shi limanci. Suka yi raka'a huɗu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, Sayil bai ɗaga ido daga wurin sujadarsa ba.

Da aka sallame ya ce, "Kowa ya ja da baya ta inda ya shigo. Kar a taka gaba."

Suka ja, suna kallon juna. A sahu akwai tafin hannu bibbiyu, na kowa, shimfiɗe. Sayil ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kan sanda, ya wuce. Ya isa wurin liman ya tsaya. Sannan ya tafi kusurwar kudu, ya sauke dutsen.

"Macijin!" in ji Falah, ya hau kujera.

Sayil ya ɗaga daron. "Zuhair, zo ka gani. Kai ne baƙo a cikinmu. Wannan wanda ya tsinke hatiminku ne ya yi salla a nan ranar Talata. Dubi nan, ka je ka dubi can, ka gaya mana."

Zuhair ya duba, ya je ya duba, ya dawo ya sake dubawa. Sauran suka bi shi. Huɗu a dama, huɗu a hagu, na ƙarshen dama mai faɗi. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka sauka kan hannun Irshaid, inda jiƙaƙƙen yashi ya maƙale a gaɓoɓin yatsu da kan zoben azurfa.

Irshaid ya kalli hannunsa, ya goge a riga.

"Kai, Abu Nayif? Da salla ka ɗana mini tarko?"

"Da ita ka bar sawu."

"Sata! Wace sata? Gidan wana ne. Ni na ɗauko bulon katangar nan a kaina. Ruwan gidanmu na kai rijiyar kakanmu, na shayar da zaitun ɗin da ita ma za ta ci mansa. Tun yaushe ƙane yake neman izini ya sha ruwa a gidan wansa?"

"Albarkar iyaye ashe ta tiyo take zuwa," in ji Ummu Ziyad.

"Da ka tambaye ni, Baffa, da na buɗe maka," in ji Tahani. Muryarta ba ta tashi ba. "Mitar da sunana take."

"Ina na sani wani inji a Amman yana rubuta sunan mutane? Na ɗauka in kuɗin ya taru sai a biya. To ga ni. Zan biya. Zan ninka. Gobe zan sayar da raguna."

"Kuɗi ba ya goge shi."

"Me ke goge shi?"

"Ka bi ni kamfanin ruwa, ka bi ni kotu, ka ce kai ka tsinke hatimin, sau biyu. Su mayar da bashin da tarar kanka, su rubuta wa Amman."

Irshaid ya yi dariyar da ba ta dariya ba. "In tsaya gaban yaro mai kwamfuta, sa'an ɗana Talal, in ce ni ɓarawon ruwa ne? Ki nemi wani abu, 'yata. Ki nemi gonar. Mu rufe wannan a cikin gida, kamar yadda aka saba."

'Yan Kuwait suka gyaɗa kai. Haka aka saba. Ɗaya ya fara cewa ai mace ba ta kai baffanta kotu, kuma kantin magani ba dole ba ne.

"Da aka ce Abu Kasim ne, ba ka ce a rufe a cikin gida ba," in ji Tahani.

Sayil ya koma kujerarsa ya zauna. Finjalin yana nan a ƙasa, ƙuda yana zagaya bakinsa. Ya tura shi gaba kaɗan da kan sanda.

"Ka tambaye ni me nake nema a gidanku, Abu Talal. Sunan 'yar wanka nake nema. A hannunka yake."

Irshaid ya kalli finjalin. Ya kalli mutanen, waɗanda kafin isha za su kai labari kowane gida, ko dai labarin mutumin da ya sha ruwan wansa ya je ya gyara, ko labarin wanda gahawar baƙo ta kwana a ƙasa gabansa.

"Sha gahawarka," in ji shi.

Ya miƙa hannu zai zuba sabuwa, kamar yadda ake yi. Sayil ya riga shi, ya ɗauki mai sanyin ya shanye, ya girgiza finjalin ya ajiye.

*

Ranar Lahadi suka shiga motar Falah su huɗu, shi da Tahani da Irshaid da Sayil. Irshaid ya faɗi abin da zai faɗa a wurare biyu, da murya ƙasa ƙasa, ya sa hannu. Amman ba ta yi sauri ba. Wata ya ƙare makin bai motsa ba, sai da Ummu Ziyad ta je ta zauna a ƙofar mai shagon kullum tana ba shi tarihin kakanninsa har ya ƙara wa Tahani lokaci don ya huta. Da aka gyara makin, Tahani ta nuna wa Sayil a wayarta. Ya daɗe yana kallon lambar, ya tambaya ko ana ganin wanda ya goge tabon. Ta ce a'a, kamar ba a taɓa yi ba.

"Sun fi baffanki iya shara," in ji shi.

Kantin ya buɗe kafin sanyi. Rabin zaitun ɗin kwari ya bushe. Abu Kasim ya tashi da kansa da ciyawa ta ƙare, babu wanda ya je ba shi haƙuri.

Irshaid bai ƙara zuwa ƙofar gidan Sayil ba. A masallaci kuwa bai canza wuri ba, shi ma Sayil bai canza ba, kafaɗa da kafaɗa a sahun farko. Sau ɗaya kawai, wata la'asar, idon Sayil ya kuɓuce masa ya sauka gefe. Irshaid yana tashi daga sujada, da ƙyar, gwiwa tana ƙara, tafin hannunsa biyu a shimfiɗe kan darduma.